Ƙarar da Sufeto Bai Ji Ba

Kudugu, 12 ga Agusta, 1996

Zuwa ga Siaka Drabo, bakanike, Tugan.

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta iske ka cikin sauƙi, kai da iyalinka, kuma ciwon ƙugun da ya kwantar da kai ya fara barinka kana taka ƙasa. Mu nan muna godiya ga Allah bisa abin da Ya hukunta.

Kafin in faɗi buƙatata, akwai godiyar da ban yi maka ba. Ranar jana'iza ka zo a bayan motar kaya da wannan ƙugun naka, ka tare makara a ƙofar gidana kamar yadda ku Samo kuke yi mana mu Mosi tun kakanni, a wasan nan da kowa ke kiran ɗan'uwansa bawa, ka ce ba za a fita da 'yar bawanka ba sai an fanshe ta da babur. Mutane sun yi dariya cikin hawaye, kuma domin haka aka kafa al'adar. Ni ban yi ba, ban kuma rama maka wasan ba. Na san nauyin abin da ka yi, kuma na gode.

Ga buƙatar. Jandarmomi sun dawo mini da baburin nan da ka sani, wanda na saya shekara ashirin da takwas da suka wuce, lokacin da aka fara tura ni koyarwa garinku, wanda kuma na ba 'yata lokacin da ta kama aikin ungozoma a ƙauyen bayan Reyo. Fitila ce kawai ta fashe, sai hannun birki da ya lanƙwashe. Takardarsu ta ce an same ta ita kaɗai da hantsi a gefen hanya, kanta ya bugi dutsen kwalbati, kuma babu alamar wata mota. A gurbin da aka tanada domin dalili sun rubuta: ba a sani ba.

Akwai abin da ba su sani ba, wanda ban faɗa wa kowa ba. Kwana goma sha ɗaya kafin ranar, ta same ni a teburina ina shirya takardun jarrabawar ƙarshen firamare, a matsayina na sufeton makarantu. Ta ce, "Baba, ƙafar baya tana wata ƙara, kamar ana goga ƙarfe a kan fata. Tana zuwa tana ɗaukewa." Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Bayan jarrabawa zan duba." Ta ce to. Ranar da aka rufe jarrabawar ita ce ranar da aka zo mini da labari.

Ina so in ji wannan ƙarar da kunnena, in san daga ina take, in kuma san ko ita ce ta kayar da ita. Na ɗora babur a kan jak na juya ƙafar da hannu. Na hau shi har kilomita arba'in a kan kwalta da jar hanya. Ban ji komai ba. Littafin da ya zo da shi yana gabana, na bi shi shafi bayan shafi, bai amfane ni ba. Ba na so wani bakanike na garin nan ya taɓa shi, domin zai gyara kafin in gani, kuma ba gyara nake nema ba tukuna. Kai ka san cikinsa fiye da kowa. Ka faɗa mini abin da zan duba, bi da bi.

Ka gaishe da mutanen gida. Allah Ya ƙara sauƙi.

Naka,
Rasmane Kafando

*

Tugan, 21 ga Agusta

Bawana Rasmane,

Wa alaikumus salam. Ƙugu yana nan, ya ƙi ni na ƙi shi. Takardarka ta iso hannun direban motar albasa, har wari take yi. Ka ajiye jan biron nan naka, kada ka gyara mini rubutu, aji uku na yi kuma ba kai ka koyar da ni ba.

Wa ya ba ka izinin hawa babur ɗina har kilomita arba'in? Na karɓe shi a gaban shaidu. Bawa ba ya da dukiya. Ajiya na bar maka.

Allah Ya ji ƙan Bibata. Na rubuta sunanta tunda na ga kai takardarka ta cika shafi biyu ba ka rubuta shi ba. Ni na fara ɗora ta a kan tankin wannan babur tana shekara huɗu, ta danna oda ta firgita kanta.

To, ga aiki. Rufe littafin Turawa, su ba su taɓa bin hanyar Reyo ba.

Kama taya da hannu biyu, sama da ƙasa, ka girgiza ta gefe da gefe. In ta yi wasa ko da kaurin farce ne, boris ya tafi. Sannan ka kafa bakin sukundireba a kan sandar tsakiyar ƙafar, ka ɗora kunnenka a kan mariƙinta, wani ya juya maka taya. Lafiyayyen boris shiru yake kamar Bamoshe a gaban surukinsa. Mataccen boris kuwa za ka ji kamar ana niƙa tsakuwa.

Ɗauki ƙaramin sifana ka bubbuga wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya. Mai lafiya tana amsawa da murya siririya. Wadda ta saki za ta ce maka "ɗaf".

Duba sarƙa. Juya ƙafar a hankali kana taɓa ta, ka ga ko akwai inda ta ɗaure da inda ta saki. Duba haƙoran sifaketi, in sun lanƙwashe kamar ƙaya ka faɗa mini.

A ƙarshe ka cire ƙafar ka buɗe tukunyar birki. Ka ga ko wani sifirin ya karye yana yawo a ciki. Ka duba robobin da ke bayan sifaketi, waɗanda na yanka maka daga tayar mota shekarar da aka yi fari. In sun mutu, bugu za ka ji in ka ja mai, ba guga ba.

Kada ka wanke komai. Datti shaida ne.

Yaya matarka, baiwata Zenabo? Ba ka ce komai a kanta ba. Ka ce mata ubangidanku yana gaishe ta, kuma har yanzu farau-farau ɗinku na Mosi ruwan wankin ƙwarya ne.

Ubangidanka,
Siaka

*

Kudugu, 3 ga Satumba, 1996

Zuwa ga Siaka Drabo.

Assalamu alaikum. Na karɓi amsarka da godiya, ina kuma addu'ar Allah Ya sassauta maka. Ban taɓa rubutunka da biro ba.

Na bi umarninka a jere, na maimaita kowane gwaji sau uku a ranaku daban-daban. Ƙafar ba ta wasa ko kaɗan. Na ɗora kunne a kan sukundireba. Da yake babu mai juya mini taya, na ɗaura mata igiya na riƙa ja da ƙafata. Boris shiru yake. Wayoyin ƙafar talatin da shida ne, biyu daga ciki muryarsu ta ɗan yi ƙasa, amma ba su saki ba. Sarƙa daidai take a duk zagayenta, kuma an shafa mata mai ba da daɗewa ba, wato ta kula da ita yadda ka koya mata. Cikin tukunyar birki babu abin da ya karye. Robobinka suna nan, sun taurare amma ba su farfashe ba.

Na mayar da komai, na hau. Ranar Asabar na bi hanyar da ta bi, har wurin kwalbatin. Na kashe inji a gangaren da ke gabansa domin in saurara, na gangara sau huɗu. Ban ji komai ba sai tsakuwa a ƙarƙashin taya. Wani manomi da ke noma a gefen hanya ya tsaya yana kallona, daga baya ya cire hularsa. Ina jin ya gane babur ɗin. Ban tsaya mun yi magana ba.

Kusan shekara talatin ina gaya wa ɗalibai da malamai cewa duk tambayar da aka tsara daidai tana da amsa. Yanzu ina da tambaya ɗaya, na tsara ta iyakar iyawata, kuma abin da nake tambaya ya yi shiru. Na fara tunanin ko abin da ya yi ƙarar ya karye ya faɗi a ranar, ya tafi da amsar. Idan haka ne, ka faɗa mini kai tsaye. Ba na buƙatar a lallashe ni.

Ka tambayi Zenabo. Lafiyarta ƙalau. Tana ajiye mini abinci a kan lokaci, ina ci, tana ɗauke kwanon. Tun bayan addu'ar arba'in ba mu yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Idan na fito da babur tsakar gida, sai ta shige ɗaki ta saki labule. Ina zaton ta ji abin da yarinyar ta faɗa mini ranar nan, da amsar da na ba ta, domin tana shara a kusa da taga. Idan ta ɗora mini laifi, ba ta zalunce ni ba, kuma ba ni da bakin da zan nemi ta sauke shi kafin in san gaskiya.

Na isar mata da gaisuwarka, har da zagin farau-farau. Ta ce tana amsawa.

Wassalam.
Rasmane Kafando

*

Tugan, 11 ga Satumba

Bawana,

Gaisuwa. Igiya a ƙafa! Mutum da matarsa a gida yana jan taya da igiya kamar mai kama ɓera. Da an ce mini Mosi za su kai nan da ban saye ku ba.

Na kwana biyu ina juya takardarka. Ƙarar da ke zuwa tana ɗaukewa, wadda ba ta fitowa a kan jak, ba ta fitowa in kai kaɗai ne, ba a cikin ƙafa take ba. Nauyi ke kawo ta. Kai ko da can ba ka da nauyi, yanzu kuma an ce mini ka zama kamar karan dawa.

Na san za ka ce Bibata ba ta fi ka nauyi ba, kuma ka ba ta babur da sharaɗin ba za ta ɗauki kowa ba saboda shokozoba ta tsufa. Na ji ka kafa wannan doka da kunnena. To, Sufeto, tashi ka je ka duba matakan baya, inda mai zama a baya ke ɗora ƙafa. In tsatsa ta cinye su, ƙarya nake. In suna ƙyalli, ka san ba aljanu ne suka goge su ba. Ungozoma ce a ƙauyen da babu mota. Me kake tsammani?

Ga abin da za ka yi. Allin makaranta bai ƙare maka ba, na sani. Goga shi a duk bayan tayar har ta yi fari, ka goga a cikin madigadi, ƙarfen nan da ya rufe ta. Ka ɗauki mutum, ku bi hanya mai gargada. Inda alli ya goge, nan ɓarawon yake.

Kada ka ɗaura buhun gero. Na san ka, shi za ka fara yi. Buhu ba ya da kunne, kuma mai tuƙi ba ya jin bayansa saboda iska da inji. Mai zama a baya shi ke ji. Kuma ban yarda wani ƙato ya hau mini babur ba. Mutum ɗaya na ba izini, ita ce wadda ka ɗauko a kansa daga gidan ubanta har Tugan tana riƙe da rigarka kamar za ta yaga. Ta san muryar wannan babur tun yana saurayi.

In ba za ka iya roƙonta ba, ka nuna mata wannan takarda ka ce umarnin ubangida ne.

Siaka

*

Kudugu, 29 ga Satumba, 1996

Zuwa ga Siaka Drabo.

Assalamu alaikum, tare da fatan kana samun sauƙi. Na jinkirta amsa, kuma za ka ga dalili.

Matakan baya suna ƙyalli. Na daɗe a tsugune ina kallonsu.

Ka yi gaskiya game da buhu. Na ɗaura shi, na zagaya, na ji wani abu can ƙasa-ƙasa wanda ban iya rantsewa a kansa ba. Bayan haka na yi kwana tara takardarka tana aljihuna. Ranar Alhamis da safe, da ta zo ɗauke kwano, na ce mata, "Zenabo, ina da buƙata a wurinki." Na karanta mata abin da ka rubuta, ban tsallake ko zagin ba. Ta tsaya da kwano a hannu har na gama. Sai ta ce, "Wannan ɓarawon karnukan bai mutu ba har yanzu?" Ta shiga ɗaki. Na ɗauka magana ta ƙare. Can sai ga ta ta fito ta ɗaure zanenta tamau, ta ce, "In za mu je mu je, kafin rana ta yi."

Na goga alli kamar yadda ka ce. Mun fita ta hanyar Reyo. A kan kwalta babu komai. Da muka sauka jar hanya muka shiga gargada ta farko, sai ta dafa kafaɗata.

"Tsaya. Ka ji?"

"Ban ji ba."

"Kai dama ba ka ji. Koma baya ka sake bi."

Na sake bi a hankali, na kashe inji. A nan na ji ta. Ƙarfe a kan fata, daidai yadda aka siffanta mini. Tana zuwa idan bayan babur ya nutse, tana ɗaukewa idan ya taso. Wata uku ina nemanta, da ta zo kuwa ba ta kai ƙarar jan kujera ba.

Mun sauka a gindin wata kaɗanya. A bayan tayar, ɗan gefen tsakiya, alli ya goge a siririn layi wanda ya zagaye ta. Ƙarƙashin layin akwai wata 'yar kwari a jikin robar, wadda na sha gani na ɗauka zanen taya ne. Na sa hannu a cikin madigadi na lalubo. Bakin ƙusa ne mai noti, ya leƙo ciki kamar tsawon gaɓar yatsa, ya goge har yana santsi.

Siaka, ni na ɗaura wannan ƙusa. Da za ta fara aiki na sa mata kariya, ƙarfen ɗora kaya a bayan babur, domin akwatin magunguna, na huda madigadi na kafe ta da ƙusa biyu. Ka taɓa gaya mini, tun ina saurayi, cewa a nan kan ƙusa ciki yake kwana, noti a waje. Na tuna da maganar a ranar. Amma na ga noti a waje bai yi kyau ba, ga kan ƙusar a mulmule yana ƙyalli, sai na juya ta domin aikin ya fito tsaf. Ƙusar baya gajera ce, ba ta kai taya ba. Ta gaban ita ce wannan.

Na faɗa wa Zenabo haka a tsaye, da kalmomin da na rubuta maka yanzu. Na ƙara da cewa an kawo mini ƙara na ce sai bayan jarrabawa, kuma na san ta ji, na san dalilin shirunta.

Ta zauna a kan saiwar itacen. Ta ce, "Wane shiru? Ni ban ji komai ba a taga. Ni na ɗauka kai ne ka sani."

"Na san me?"

"Ranar da za ta koma, na miƙa mata farau-farau, hannuna ya taɓa nata. Kamar garwashi. Na ce Bibata zazzaɓi ne a jikinki. Ta ce, Mma rufa mini asiri, kada Baba ya ji, zai ɓoye makulli, ga mata biyu can watansu ya kama. Na ga tana dafa bango da za ta sa takalmi. Na ba ta ƙwaya biyu. Ni na buɗe mata ƙofa, Sufeto. Da hannun nan. Kullum in ka fito da babur ɗin nan kana kwance shi, sai in ce yau zai gama ya ga babu abin da ya samu ƙarfe, ya juyo kaina."

Na zauna kusa da ita. Na tambaye ta ko ta san ana ɗaukar mutane a baya. Ta ce duk garin sun sani ban da ni. Ta ce mata masu naƙudar da ta gagara take kawowa babban asibiti, tana ɗaure su a bayanta da zane kamar goyo. Ta ce an sa wa yara uku sunanta a ƙauyen tun tana da rai. Ta ce, "Da ta gaya maka sai da mutum a baya ƙarar ke zuwa, da ka karɓe babur. Shi ya sa ta ba ka rabin magana."

Mun dawo a ƙasa, ina tura babur, domin ban yarda in sake ɗora ta a kan wannan ƙusa ba. Kilomita shida ne. Ta riƙe kariyar ta baya tana taya ni a hawa.

Yanzu ga tambayata ta ƙarshe, kuma ina roƙonka ka amsa a matsayin bakanike, ba aboki ba. A ranar ita kaɗai ce. Taya ba ta fashe ba, har yau da iskarta. Amma gaban kwalbatin akwai rami. Shin mai yiwuwa ne, in ta faɗa ramin da gudu, bayan babur ya nutse har ƙusar ta kama taya ta tsayar da ita? Ban taɓa ƙusar ba. Tana nan yadda take.

Zenabo ta ce in gaishe ka, in kuma ce maka ba ta yafe zagin farau-farau ba.

Wassalam.
Rasmane Kafando

*

Tugan, 8 ga Oktoba

Rasmane,

Gaisuwa gare ku ku biyu. Yau ba zan zage ka da yawa ba, amma kada ka saba.

Ka ce in amsa a matsayin bakanike. To. Na ga irin wannan ƙusa ta fi sau ɗari, kuma kusan kullum aikin malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis, masu son abu ya yi kyau ta waje. Tana cin taya a hankali. In an bar ta, wata rana sai ta kai ga zare taya ta fashe, kuma ranar da mutum biyu ne a kai za ta fashe, ba ranar mutum ɗaya ba. Wannan kam laifinka ne, ba zan rage maka ba. Allah Ya rufa asiri bai kai nan ba.

Amma ka tambaye ni ko ta kama taya ta tsayar. Ga yadda za ka sani. Ƙafar da ke gudu da nauyin babur da mutum, in ƙusa ta cafke ta har ta tsaya, ƙusar ba za ta fita lafiya ba. Za ta lanƙwashe ta kalli gaba, ramin da ka huda zai yage, kuma za ka ga wuri ɗaya a taya da aka ɗebe tsoka, ba layi mai santsi ba. Kwance ta. Mirgina ta a kan gilashin teburinka. In ta yi rawa, ka rubuto mini, zan zo ko a kan jaki mu zauna tare. In ta mirgina sumul, ba ita ba ce.

Abin da ƙarfe zai iya faɗa maka ke nan. Ba zai faɗa maka ko jiri ne, ko akuya ce ta gitta, ko yashi ne ya ja ƙafar gaba ba. Ka gaya wa Zenabo ita ma haka. Ni na hau babur da zazzaɓi sau nawa na isa, na kuma faɗi da lafiyata ƙalau na karya wannan ƙugun a ƙofar gidana. Ban kasance a wurin ba, ku ma ba ku kasance ba. Yarinyar da ke ɗaure mai naƙuda a bayanta, ba makullinka ba ne zai tsare ta, ba ƙofar uwarta ba ce.

In ka kwance, ka juya ta yadda na koya maka, ka yanke abin da ya yi saura. Sannan ka sake shokozoba. Ba na son a dawo mini da dukiyata a lalace.

Kuma har yanzu ina jira. Wasiƙa uku ka yi mini, sau ɗaya sunanta ya fito, shi ma daga bakin uwarta.

Siaka

*

Kudugu, 17 ga Oktoba, 1996

Siaka,

Assalamu alaikum.

Ƙusar ta mirgina sumul. Na mirgina ta sau uku, Zenabo ta mirgina sau ɗaya. Ramin bai yage ba.

Mun juya ta, kai ciki, noti waje. Zenabo ce ta ɗaure notin, domin a lokacin idanuna ba su ganin bakin sifana sosai.

Ranar Litinin za mu je ƙauyen mu ga yaran nan uku masu sunan Bibata. Babur ɗin Bibata zai zauna a can, wurin ungozomar da aka turo a madadinta, da sabuwar shokozoba, ba tare da wani sharaɗi ba.

Saboda haka ba za ka same shi ba. Tun yaushe bawa yake gadon ubangidansa? Ka warke ka zo ka gaishe ni, ɓarawon karnuka. An jiƙa maka geron farau-farau.

Ubangidanka,
Rasmane